Inda Lissafi Yake Gazawa Wajen Ƙiyasta Yawan Jama'a

Assalamu alaikum malamai, ɗalibai da sauran masu sauraro. Ƙidayar 2006 ta ba Jihar Kano mutum miliyan 9.4, ƙidayar da aka shirya yi a 2023 kuma aka ɗage ta. Saboda haka masu tsara harkar lafiya da ilimi sun dogara ga ƙiyasi, kuma ɗaya daga cikin hanyoyinsa ita ce haɗa rajista biyu waɗanda babu wadda ta cika a cikinsu.

Hanyar ta samo asali ne daga ƙirga kifi da tsuntsaye, sannan a 1949 masana ƙididdiga Chandrasekar da Deming suka yi amfani da ita wajen ƙiyasta haihuwa da mutuwa a Indiya. A ɗauka cewa rajistar asibitin wata unguwa tana da jarirai 400, ta rigakafi tana da 300, kuma 200 sun fito a duka biyun. Sai a ninka 400 sau 300, a raba da 200, a samu 600. Ma'ana, tunda jarirai 500 ne kawai aka rubuta a rajistocin biyu, akwai jarirai 100 da babu wanda ya rubuta su.

Lissafin daidai ne, amma yana bisa sharaɗin cewa shiga rajista ɗaya ba ta da alaƙa da shiga ɗayar, kuma wannan sharaɗi ba ya tabbata a Kano. Matar da ta haihu a gida a hannun ungozoma, sau da yawa ita ce kuma ba a kai ɗanta rigakafi ba, don haka ƙiyasin yakan faɗi ƙasa da gaskiya, kuma talakan da ya fi bukatar magani shi ne yake ɓacewa a ciki. Wannan shi ne abin da ya fi damuna.

Akwai kuma matsalar suna. Yaron da aka rubuta Abubakar a asibiti, aka rubuta Garba a wajen rigakafi, babu ranar haihuwa, kwamfuta za ta ɗauke shi yara biyu, adadin ya kumbura. Hanyar kuma tana ɗauka cewa jama'a suna zaune wuri guda, alhali 'yan ci-rani suna cika Fagge da Sabon Gari da rani, su koma gona da damina.

Ƙara rajista ta uku yana taimakawa wajen auna alaƙar da ke tsakanin kowace biyu, amma yawan waɗanda babu su a ko'ina har yanzu zato ne, kuma tazarar kuskuren da ake bugawa a gefen adadin ba ta ƙunshi kuskuren wannan zaton ba.