Ƙaura da Mota Zuwa Wata Ƙasa: Wata Shidan Nan Iri Uku Ne

Assalamu alaikum jama'a. Motar nan da kuke gani ana ɗorawa a kan janwe lafiyarta ƙalau. Inji garau, tayoyi sababbi, mai ita kuma bai yi gudun wuce sa'a ba. Laifinta ɗaya ne: lambar da ke jikinta ta ƙasar da maigidan ya baro ce, alhali shi ya riga ya tare a sabuwar ƙasa. Idan ka tambayi masu irin wannan matsalar, bakinsu ɗaya: "Ai an ce ina da wata shida."

Kwanan nan an yi ta turo min wannan maganar, wai duk wanda ya ƙaura da motarsa yana da wata shida kafin ya sauya lamba. Wata shidan yana nan a cikin doka, ban musa ba. Sai dai guda uku ne, kowanne da inda ya dosa, mutane suka haɗa su suka dama. A nan za mu daɗe, sauran kuma mu bi ta kai a guje.

Kafin tashi, ga takardun nan a allo: ta mallaka, rasiɗin saye, ta rajistar tsohuwar ƙasa. Ku duba lambar jikin mota, wadda ake kira VIN. Haruffa da lambobi 17 ne, kuma babu harafin I, ko O, ko Q a ciki, don kada a rikita su da ɗaya da sifili. Idan ka ga O a takardarka, wani ne ya yi kuskure, ka gyara tun kana can. Jirgin ruwa kuma iri biyu ne, ko a tuƙa motar a shigar da ita kamar gareji, ko a kulle ta a kwantena. Na farkon ya fi araha, amma galibi ba a yarda ka cika but da kaya. A wanke ƙarƙashin motar tas, domin Amurka da Ostireliya ba sa son ƙasar wani wuri ta shigo musu a manne da taya. Shi ke nan, mu koma kan wata shida.

Na farko, na baƙo ne. Ƙasashe sun daɗe da yarjejeniya, irin ta Vienna ta 1968, cewa mai ziyara zai iya shigowa da motarsa da lambarta ya yi yawonsa ya koma. A Birtaniya baƙo yana da wata shida cikin kowane wata 12. Ku riƙe kalmar nan, baƙo. Wanda ya zo ganin gari, ko ya zo gaishe da 'yan uwa, gidansa yana can yana jiransa. Kai da ka kama haya, ka fara aiki, ka sa yara a makaranta, ka tashi daga baƙo ka zama ɗan gari, ko da jiya ka sauka. A Birtaniya mazaunin ƙasa ba ya tuƙa mota mai lambar waje, sai idan zai kai ta gwajin da ya riga ya karɓi ranarsa. Kuma cikin kwana 14 da isowar motar dole hukumar haraji ta san da ita. A Ayilan kwana 7 ake ba ka ka nemi ranar kai mota a duba, kwana 30 ka gama rajista. Ina wata shida a nan?

Wani zai ce to yaya za su san na tare? Ɗan'uwa, kai ne ka faɗa musu da hannunka. Takardar aiki, takardar haya, rajistar asibiti, duk suna ɗauke da kwanan wata. A Tarayyar Turai ma'aunin shi ne inda kake zaune aƙalla kwana 185 a shekara saboda iyali ko sana'a, idan kuma aiki yana nan iyali suna can, galibi inda iyali suke ake kallo. Ina zaton daga kwana 185 ɗin nan ne jita-jitar ta samo asali, tunda kusan wata shida ne. Amma abin da ya fi ba ni tsoro ba tara ba ce, inshora ce. Kamfanin da ya yi maka inshora a can ya yi ne a kan cewa can kake zaune. Ranar da tsautsayi ya faru, za ka ga yadda suka iya karanta ƙananan rubutu.

Na biyu. Wannan shi ne mai kuɗi a ciki, kuma baya yake ƙirgawa, ba gaba ba. Ƙasashe da yawa suna yafe wa mai ƙaura kuɗin fito da harajin VAT a kan kayan gidansa, mota tana ciki. A Tarayyar Turai dokar yafe kuɗin fiton ita ce mai lamba 1186 ta 2009, Birtaniya ma tana da irinta. Sharuɗɗan ga su: ka zauna a waje wata 12 a jere, motar kuma ta kasance taka kana hawanta wata shida kafin ka taso. Kafin, ba bayan ba.

Ku kalli kalandar nan da kyau. Mutum zai ƙaura a watan Satumba. A watan Yuli ya ce bari in sayar da tsohuwar in sayi mai kyau, in tafi da ita, tunda kyauta za ta shiga. Wata biyu ke nan tana hannunsa. Ya yi asarar rangwamen gaba ɗaya, tsohuwar da ya sayar ita ce ta cancanta. Yanzu zai biya kuɗin fito, wanda a Turai yawanci kashi 10 cikin 100 ne na mota, sannan a ɗora VAT a kan jimillar kuɗin mota da na jirgi da na fiton kansa. Haraji a kan haraji, e, haka ake lissafin. A Jamus VAT kashi 19 ne, a Birtaniya 20. Ku buga da kanku ku gani.

Kuma ba su tsaya kan "taka ce" ba, sai ka nuna ka yi amfani da ita. Takardar inshora mai sunanka, rasiɗin bakanike, duk wani abu mai kwanan wata, kada ka zubar. Ni na taɓa zubar da irin waɗannan takardun ina share gida kafin tafiya, ina jin daɗi na rage kaya. Mako uku na yi ina roƙon wani ofishi su sake buga min guda ɗaya.

Rangwamen yana da jela. Bayan an shigo da ita, wata 12 ba sayarwa, ba bayar da haya, ba jingina, har aro ma dokar ta ambata. Ka yi ɗaya daga ciki ba tare da sanar da kwastam ba, kuɗin da aka yafe ya dawo kanka. Saboda haka masu cewa zan shigo da ita da sunan ƙaura in sayar in ci riba, an riga ku tunani. Sannan nema ake yi, ba ya zuwa da kansa. Ka cike takardar tun motar ba ta hau jirgi ba, in ba haka ba tana zaune a tasha kuɗin ajiya yana hawa kullum.

Na uku gajere ne, ya shafi masu ƙaura tsakanin ƙasashen Tarayyar Turai kawai. A can babu kuɗin fito a tsakaninsu. Amma motar da ba ta kai wata shida da rajistar farko ba, ko ba ta wuce kilomita 6,000 ba, sabuwa ce a idon doka, kuma ƙasar da aka kai ta ce ke da hakkin VAT ɗinta. "Ko" na ce, ba "da" ba. Ɗaya ya isa.

To, kwastam sun sake ta. Kada ka yi murna tukuna, su kuɗinsu suka duba, ba su ce ta hau titi ba. Saura a tabbatar ta dace da ƙa'idar ƙasar. Motar da aka ƙera don kasuwar Turai tana da takardar shaida daga kamfaninta, da ita aiki ya yi sauƙi. Wadda ba ta da ita sai an gwada ta ita kaɗai, ga abin da ake yi nan kuna gani: a sauya fitilun gaba idan hannun tuƙi ya bambanta don kada ka kashe wa masu tahowa ido, a ƙara fitilar hazo ta baya, agogon gudu ya nuna mil ko kilomita. Amurka ta fi kowa tsauri: motar da ba a ƙera bisa ƙa'idarta ba, hanya mai sauƙi ita ce ta kai shekara 25. Kanada 15. Wasu ƙasashen ma ba sa yi wa mota rajista idan sitiyarinta yana ɓangaren da ba nasu ba, komai kyanta.

Ra'ayina, tunda ba a tambaye ni ba: idan motar irin wadda ake samu a ko'ina ce, ka sayar ka sayi wata a can. Wadda ta cancanci wannan wahalar ita ce mai tsada, ko wadda ba a samunta, ko wadda zuciya ta ƙi rabuwa da ita. Wannan na ƙarshen ba ni da ta cewa.

Ragowar kuma ga shi yana wucewa a allo. Inshorar sabuwar ƙasa, yawanci da lambar VIN ake yi tunda babu lamba tukuna. Gwajin lafiyar mota. Harajin hanya. Ofishin rajista, ka miƙa ainihin takardun, ba kwafi ba, wasu wuraren ma riƙe tsohuwar takardar suke yi, don haka ka ɗauki hotonta. Sai sabuwar lamba. Kada ka manta ka sanar da tsohuwar ƙasa cewa motar ta fita, domin a littafinsu tana nan, harajinta kuma yana ta taruwa da sunanka.

A bidiyo na gaba za mu duba lasisin tuƙi, wanda shi ma yana da nasa wa'adin daban. Sai mun haɗu.