Amsoshin Tambayoyinku: Wace irin giya ta dace da tsohuwar Mini da aka ƙara wa ƙarfi?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin amsoshin tambayoyinku. Wasiƙarmu ta farko ta fito ne daga wani ɗan uwa mazaunin birnin Bamingham a Ingila, wanda ya ce ya sayi tsohuwar mota ƙirar Mini mai injin da girman cikinsa cc 1275 ne, ya sa an gyara injin an ƙara masa ƙarfi, yanzu kuma abokansa sun tasa shi gaba sai ya sanya giya mai miƙaƙƙun haƙora irin ta motocin tsere. Yana tambaya ko ya bi shawararsu, ko kuwa ya tsaya kan mai karkatattun haƙora da motar ta zo da ita, tunda zuwa aiki da ziyarar ƙarshen mako kawai yake yi da ita.

To Malam, sai mu fara da yadda aka ƙera motar, domin a nan amsar take. Lokacin da Alec Issigonis ya tsara Mini wa kamfanin BMC, aka fito da ita a 1959, ya kwantar da injin a gicciye, ya sanya akwatin giya a ƙarƙashinsa, cikin kaskon baƙin mai, ta yadda mai ɗaya ne yake zagaya injin da giya. Saboda injin yana sama akwatin yana ƙasa, sai aka haɗa su da wasu giyoyi uku a jere da ke sauko da ƙarfin, kuma ta tsakiyarsu ita ce ta fi shan wahala. An yi wannan tsari ne don injin cc 848 mai ƙarfin doki 34 kacal, amma haka aka ci gaba da shi har aka daina ƙera motar a 2000.

Karkataccen haƙori yana shiga ɗan uwansa a hankali, daga gefe ɗaya zuwa ɗaya, kuma kafin ya saki wani ya riga ya kama, shi ya sa ba ya ƙara. Illarsa ita ce karkatar tana tura giyar gefe, sai nauyin ya faɗa kan boris da washa da jikin akwatin, kuma duk sa'ad da aka ƙara wa injin ƙarfi turin yana ƙaruwa. Wanda ya taɓa ganin an kwance tsohuwar Mini ya san alamar: bakanike zai zaro giyar tsakiyar nan ya nuna maka inda washarta ta ci jikin alminiyon ta bar zagayayyen gurbi mai sheƙi. Miƙaƙƙen haƙori ba ya wannan turi, amma yana haɗuwa da ɗan uwansa gaba ɗaya lokaci guda, daga nan ne kukan nan mai kama da jiniya yake fitowa.

Abin da abokanka ba su faɗa maka ba shi ne, miƙewar haƙori ba ita ce ƙarfinsa ba. Idan girma ɗaya ne ƙarfe ɗaya ne, karkataccen ma ya fi raba nauyi. Abin da ke sa giyoyin tsere ɗorewa shi ne ingancin ƙarfensu da kaurin haƙoransu da kuma sauƙin da boris ke samu. Masu tsere suna son su ne kuma domin tazarar lambobin tana matse, injin ba ya faɗuwa idan an canja giya. Wannan matsewar tana da farashi a cikin gari, domin lamba ɗaya da take kusan 3.6 a akwatin kamfani (wato juyi 3.6 ke shiga akwatin kafin juyi ɗaya ya fita) takan koma wajen 2.5, sai tashi daga danja ko hawa tudu ya zama aikin ƙona kuloci.

Shawarata, tunda motar hanya ce, ka bar karkatattun haƙoranka. Kuɗin ka kashe su a kan sababbin boris da zoben sinkuro (wanda ke daidaita gudun giyoyi kafin su haɗu), da bututun da ke zuƙo mai daga tsakiyar kasko don kada famfo ya zuƙi iska a kwana, da kuma ƙarfafa sandar cikin difarenshal (na'urar da ke raba ƙarfi tsakanin tayoyi biyu), wadda ta shahara da cinyewa. Ka kuma riƙa juyen mai da wuri, domin duk ɓurɓushin ƙarfen giya cikin man injin yake yawo. Idan kuwa zuciya ta ƙi haƙura sai ta ji kukan, ka canja na cikin akwatin kaɗai, ka bar giyoyin saukarwa ukun nan yadda suke. Dalili shi ne a lamba huɗu a Mini ƙarfin kai tsaye yake wucewa ba tare da ya bi ta haƙoran lambobin ba, don haka kukan zai lafa a babbar hanya, alhali giyoyin saukarwa ba sa hutawa a kowace lamba, kuma tafiyar awa biyu da su takan sa mutum ya sauko kansa na sarawa.

Ka kuma dubi giyar ƙarshe da ke juya tayoyi, wadda mutane kan manta da ita. Da giyar ƙarshe mai 3.44 da taya mai inci 10, injin zai haura juyi 4,000 a minti idan kana gudun mil 70, wato iyakar gudun manyan hanyoyin Ingila. Da 3.1 zai ɗan sarara, sai dai tashin motar zai yi nauyi kaɗan. Akwatin da ba shi da sinkuro kuwa, wanda ake buga giyarsa da ƙarfi, ka bar wa masu tsere.

Wasiƙa ta biyu daga wani bakanike ce a Kaduna, yana tambaya me ya sa mota ke kuka idan an sa ribas, ko da sabuwa ce. Maigida, ai amsar ɗazu ce. A yawancin motoci masu giyar hannu ana yin ribas da miƙaƙƙun haƙora, domin wata ƙaramar giya ce ake turawa ta shiga tsakanin biyu ta juya tafiyar, kuma miƙaƙƙen haƙori ya fi sauƙin zamewa ya shiga, ga araha wajen ƙira. Tunda ba a daɗewa a ribas, kamfanoni ba su damu da kukan ba. Idan ta yi gurnani wajen shiga, a taka kuloci a ɗan jira, ko a fara sa lamba ɗaya sannan a koma ribas, sandar ciki za ta tsaya ta shiga lafiya.