Darasin Kimiyya a Bakin Karofin Ƙofar Mata

Wannan wuri da kuke gani shi ne karofin Ƙofar Mata a birnin Kano, inda marina suke cewa kakanninsu sun fara rini tun shekarar 1498, wato a ƙarshen zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Akwai makarantu da dama da ba su da nisa da nan, amma ɗalibansu kan haddace darasin iskar oksijin daga jikin allo, alhali kuwa aikin wannan iska yana bayyana ƙuru-ƙuru a nan kowace safiya.

Ku lura da hannun marinin. Ya tsoma farin ƙyalle a cikin rijiyar, ya jujjuya shi, ya ɗago shi, ya matse. Ƙyallen ya fito kore-kore, amma da ya baza shi iska ta buga shi, sai launin ya soma rikiɗa a kan idonmu har ya koma shuɗi. A daidai wannan lokaci ya kamata malami ya yi shiru, ya bar yara su tambaya da kansu: me ya sauya launin, tun da babu wanda ya ƙara masa komai?

Amsar tana cikin rijiyar. Sinadarin shuɗin da ke fitowa daga ganyen baba ba ya narkewa a ruwa, saboda haka marina suke haɗa baban da toka da kanwa, su bar haɗin ya yi kwanaki yana ruɓa. Ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani su ne suke cinye oksijin ɗin da ke cikin ruwan, su mayar da sinadarin mai narkewa, ta yadda zai iya ratsa zaren auduga. Da zarar ƙyallen ya sha iska, sai oksijin ya mayar da sinadarin yadda yake tun farko, ya maƙale a cikin zaren. Shi ya sa ake maimaita tsomawa da shanyawa sau da yawa idan ana son shuɗin ya yi duhu. Marinin ya san duk wannan da ido da hanci, domin daga kumfar da ke saman ruwan da kuma warinsa yake gane cewa baba ya nuna, kuma a ganina wannan sani ya cancanci yara su zauna su saurare shi da ladabin da suke sauraron malaminsu na aji.

Sai dai ziyara irin wannan takan zama yawon buɗe ido kawai idan ba a shirya mata ba. Wajibi ne malami ya fara zuwa shi kaɗai, ya gaida shugaban marina, ya nemi izini, su tsayar da lokacin da ba zai hana mutane neman abincinsu ba. Ya raba yara rukuni-rukuni, kowane rukuni da tambayar da zai komo da amsarta: wasu su tsoma takardar litmos, wato takardar gwaji da ke sauya launi don nuna ko ruwa mai tsami ne ko mai kanwa, a ruwan da aka ɗebo musu a kwano, wasu su auna faɗin bakin rijiya da igiya, su tambayi zurfinta, su lissafa yawan ruwan da take ci. Kada a bar yaro ya matsa bakin rijiya shi kaɗai, domin tana da zurfi ƙwarai, kuma ruwan toka da kanwa yana cin fata.

Kafin a tafi, a roƙi marinin ya rina ƙananan ƙyallaye uku, ɗaya tsomawa ɗaya, ɗaya uku, ɗaya shida. Washegari a manna su a jikin allo, a ce kowane ɗalibi ya rubuta da kalmominsa dalilin da ya sa wanda aka tsoma sau shida ya fi duhu.