Larabcin Zaure da Larabcin Baki: Me Manhaja Ke Nema?

Hasumiyar Gobarau tana tsakiyar birnin Katsina. Garin nan Shehu Al-Magili ya zo a ƙarshen ƙarni na 15, nan kuma Wali Ɗan Marina da Ɗan Masani suka karantar. Larabci ba baƙo ba ne a nan. To amma don me ake koyar da shi? Mai tsara manhaja sai ya amsa wannan kafin ya zaɓi littafi ko ɗaya.

Mu leƙa zaure. Malam na kan buzu, ɗalibi ya buɗe Ajurumiya, ƙaramin littafin nahawu, yana jan baƙi, malam na bin sa da fassara kalma-kalma. "Daraba Zaidun Amran", Zaidu ya bugi Amru. Me ya sa Zaidu ya ɗauki rufu'a, Amru ya ɗauki fataha? Daga nan sai Alfiyar Ibn Malik, waƙar nahawu mai baiti kusan 1,000. A wannan tsari Larabci mabuɗi ne na Alƙur'ani, hadisi da fiƙihu, kuma ya yi aikin da aka ɗora masa. Ba don hira aka gina shi ba.

Shi ya sa mutum zai haddace Alfiya, ya je aikin Hajji, cinikin darduma ya gagare shi. Masanin tarihi Ibn Haldun ya hango haka a littafinsa Muƙaddima na 1377. A wurinsa harshe malaka ce, sabo ne da ke zama a baki ta yawan ji da maimaitawa. Ya kawo misalin wanda zai kwatanta maka yadda ake zura zare a allura, a soka nan a fitar can, amma a miƙa masa yadi ya kasa ɗinkawa.

Manhajar zamani wannan hanyar ta bi: sauraro, magana, karatu, rubutu. Don haka aka kafa Ƙauyen Larabci na Ngala a Borno a 1992, ɗaliban jami'a su zauna inda ake magana da shi. Manhajar zamanin ita ma da nata ciwon. Za ka ga yaro yana zuba "kaifa haluka" tiryan-tiryan, a ba shi littafin fiƙihu na Risala marar wasali ya tsaya cak.

Ga kuma rigimar da ba a cika faɗa ba: Larabcin wa? Na littafi ake koyarwa a aji, mai shagon Makka kuwa da karin harshen garinsu zai gaya maka kuɗin dardumar.