Tayoyin Tirelar Ƙaramar Tarakta: Me Ya Sa Ba a Sa Su a Tsakiya?

Akwai wani bidiyo na tirelar ƙaramar tarakta ɗauke da buhuna. Fenti sabo, walda tsaf, katakon ƙasa ko tsaga babu. Amma ga abin da ya faru da aka zare ƙusar da ta haɗa ta da tarakta.  Wuya, wato ƙarfen gaba da ake haɗawa da tarakta, ya yi sama, gindi ya daki ƙasa, buhuna sun watse. Tun da irin wannan bidiyon ya fara yawo ake ta musu, wasu su ce lodi ne ya yi yawa, wasu su ce taraktar ce ta yi ƙanƙanta. Ni dai na ce a dubi inda tayoyin suke, don a nan gizo ke saƙar.

Bari mu yi sauri mu wuce abubuwan da ba su cika rikita mutane ba. Tirela iri biyu ce. Ga mai taya huɗu, wadda tayoyin gabanta ke juyawa. Ita ke ɗauke da kayanta gaba ɗaya, tarakta ja kawai take yi. Tana zaune daram ko an kwance ta, amma ka gwada komawa baya da ita cikin lungu, za ka san ka ɗauko aiki, domin wuri biyu take lanƙwasawa. Ga kuma mai aksul ɗaya, wato sandar tayoyi guda. Ta fi sauƙin ƙerawa, ta fi sauƙin ribas, kuma ita ta fi dacewa da yawancin ƙananan taraktoci. A kanta za mu tsaya.

Girman akwati kuma, kada ido ya ruɗe ka. A ce akwati tsawonsa mita 2 ne, faɗi mita 1.2, zurfi santimita 40. Kamar ba komai ba. Cika shi da busasshen yashi, ka ɗauki kusan tan ɗaya da rabi ke nan. In yashin jiƙaƙƙe ne, ya fi haka. Da ciyawa ce, ko ka tula ta sama ba za ta kai ko kusa ba. Saboda haka abin da za ka riƙa ɗauka shi zai gaya maka girman akwati.

To, ga maganar da ta tara mu.

Mai ƙera tirela karon farko yakan ɗauko awo, ya raba tsawon akwati biyu, ya ja alli a tsakiya, ya ce nan aksul zai zauna. A ido ya yi kyau. Ni ma haka na yi a tawa ta farko, har ina alfahari wai yatsa ɗaya ke ɗaga wuyanta. Ashe wannan ɗagawar da yatsa ɗaya ita ce cutar. Tirelar da tayoyinta ke tsakiya sikeli ce mai faranti biyu: buhu ɗaya ya zame baya, ta rinjaya.

Ga misali. Akwati mita 2.4, wuya mita 1.2, kaya kilo 1,000 an baje su daidai. Idan aksul yana tsakiya, nauyin da ke sauka kan tarakta sifili ne. Mu matsar da shi baya da santimita 40. Yanzu kusan kilo 143 sun hau kan taraktar. Mu kai shi can ƙarshen akwati, ya zama kilo 333. Kayan ba su canza ba, tirelar ba ta canza ba, wurin taya kawai aka sauya.

Me ya sa muke son nauyi ya hau tarakta? Saboda tayoyinta na baya su ne ke ja, kuma a yawancin taraktoci su kaɗai ke da birki. Nauyin da wuyan tirela ya danna musu shi ke sa su kama ƙasa. A ce ana hawan tudu da tirela mai taya a tsakiya. Kaya sun ɗan zame baya, wuya ya fara ɗaga bayan tarakta maimakon danna shi, taya na juyawa a banza tana watsa ƙasa. A gangare abin ya fi muni: tirela na turo ka, bayanka ba nauyi, ka taka birki taya ta ja, sai ka ga tirela ta zagayo gefenka kamar za ta tambaye ka hanya.

Ƙa'idar da aka saba bi ga tirelar kan titi ita ce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na dukkan nauyi ya sauka kan mahaɗi, wato inda wuya ke haɗuwa da abin da ke ja, aksul kuma ya zauna wajen kashi 60 cikin ɗari na tsawon akwati, in an auno daga gaba. Ta gona takan wuce haka. Harry Ferguson, wanda ya yi rajistar tsarin hannuwa uku na ɗaga garma a 1926, kamfaninsa ya fito da tirela mai ɗaukar tan 3 don ƙaramar taraktarsa TE20, wadda aka fara ƙerawa a Ingila a 1946. Tayoyin wannan tirelar can baya suke. Da gangan aka yi, don kaya su taimaki ƙaramar tarakta kama ƙasa.

Amma kada wani ya ji haka ya ce shi ke nan, a kai taya ƙarshe. Nauyi in ya yi yawa a baya, gaban tarakta ya yi sakayau, ka murza sitiyari ta ƙi bin ka. Littafin taraktarka ya faɗi iyakar nauyin da ƙarfen ja, wato inda ake ɗaura tirela, zai iya ɗauka, a duba shi. A nawa ra'ayin, ga ƙaramar tarakta, kashi biyu cikin uku na tsawon akwati wuri ne mai kyau na farawa.

Kafin mai walda ya kama aksul, a yi wannan gwajin. A ɗora firam a kan bututun ƙarfe, a jera buhuna yadda za a riƙa lodi, a sa sikeli ƙarƙashin wuya. A mirgina bututun gaba da baya har sikeli ya nuna abin da ake so, sannan a ja alli. Rabin awa ne kawai. Yanke waldar da ta riga ta kama kuwa, yini guda ne da ɓacin rai.

Sai wurin ɗaurawa, kuma a nan ba wasa. Ƙarfen ja da ke ƙasa da aksul ɗin bayan tarakta, nan kaɗai ake ɗaura tirela. Ba a hannun sama na ɗaga garma ba, ba a jikin aksul ba, ba a bayan kujera ba. In aka ɗaura sama kuma tirela ta cije a taɓo, gaban tarakta ne zai tashi. Cikin kashi uku bisa huɗu na daƙiƙa ta kai inda ba ta dawowa, cikin daƙiƙa ɗaya da rabi ta kife kan direba. Ƙafarka ba za ta ma kai kuloci ba.

Sauran a gurguje. Tirelar da ba ta da birkin kanta, littattafan masu ƙera tarakta da dama sun ce kada nauyinta da kaya ya wuce na tarakta sau ɗaya da rabi. A haɗe fedar birki biyu na tarakta, ta hagu da ta dama, kafin a hau hanya. Giyar da ka hau tudu da ita, da ita za ka sauko. Wuya ya yi tsawon da in ka sha kwana tayar tarakta ba za ta ci kusurwar akwati ba. Ƙusar mahaɗi kuma a sa mata makari a ƙasa, wato ɗan ƙarfen nan mai zobe, domin ƙusa mara makari ramin farko take jira ta yi tsalle ta fice.