Amsoshin Tambayoyinku: Me Ya Haɗa Kwamfuta da Ɗakin Gwaje-gwaje?

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙar farko ta yau ta wani malamin kimiyya ce daga Gusau. Ya ce ya ji an ba masana kwamfuta kyautar Nobel ta fannin sinadarai, shi ne yake tambaya: me ya haɗa su?

To Malam, gaskiya ka ji. A 2024 aka raba kyautar gida biyu, rabi ga David Baker na Amurka, rabi ga Demis Hassabis da John Jumper na kamfanin Google DeepMind da ke Landan, su biyun saboda manhajarsu ta ƙirƙirarriyar basira mai suna AlphaFold.

Aikinta shi ne hasashen siffar furotin, wato sinadarin da ke gina jiki da gudanar da ayyukansa. Ka ɗauki furotin kamar carbi mai ƙwayoyi iri 20 a jere. A cikin jiki ba ya zama a miƙe, naɗewa yake yi ya dunƙule, kuma siffar da ya ɗauka ce ke nuna aikin da zai yi. Dubi cutar sikila da ta addabi gidajenmu: ƙwaya ɗaya tak ce ta sauya a jeren himoglobin, furotin ɗin da ke cikin jini, sai ƙwayoyin jini su lanƙwashe kamar lauje. Duk wanda ya taɓa kwana a asibiti yana danna wa yaro ƙafa saboda raɗaɗi ya san abin da ƙwayar nan ɗaya ke jawowa.

A da, gano siffar furotin ɗaya aikin shekaru ne. Max Perutz na Kambirij sai da ya shafe fiye da shekara 20 a kan himoglobin kaɗai. Haka masana suka yi ta tarawa ɗaya bayan ɗaya, har aka samu kusan 170,000, kuma a kan wannan gumin nasu AlphaFold ta yi karatu. Ni dai ina ganin bai kamata a manta da su ba in ana yabon na'ura. A 2020 ta yi zarra a gasar hasashen siffar furotin ta CASP, a 2022 kuma aka saki hasashen siffofi sama da miliyan 200 kyauta a intanet. Ɗalibinka ma, in yana da data, zai iya buɗewa ya juya su a allon waya.

Sai wata ɗalibar haɗa magunguna daga Maraɗi, ta ce: ashe ke nan an kusa gamawa da zazzaɓin cizon sauro?

'Yar'uwa, da sauran tafiya. Masu bincike a Jami'ar Oxford sun daɗe suna fama da wani furotin na ƙwayar cutar mai suna Pfs48/45, wanda suke fatan yin rigakafi da shi don katse yaɗuwarta ta hanyar sauro. Hotunan da suke samu dishi-dishi ne, sai da suka haɗa su da hasashen AlphaFold siffar ta fito sarai. Wannan babban ci gaba ne. Amma hasashe sunansa hasashe, wani lokacin manhajar kan yi kuskure. Dole a koma ɗakin gwaji a tabbatar, a jarraba a jikin dabbobi, sannan mutane, mataki-mataki, wannan kuwa ba ya karɓar gaggawa. Don haka kada a naɗe gidan sauro tukuna.

Daga Zangon Kumasi kuma wani bawan Allah ke son sanin ƙarfin katafariyar kwamfuta.

Ga misali, Alhaji. Akwai Frontier a cibiyar bincike ta Oak Ridge da ke jihar Tennessee a Amurka, wadda a 2022 ta zama ta farko da aka tabbatar tana lissafi biliyan sau biliyan a daƙiƙa ɗaya. Da mutanen duniya biliyan 8 za su zauna kowa na lissafi ɗaya duk daƙiƙa, ba barci ba hutu, sai sun yi kusan shekara 4 kafin su kamo aikinta na daƙiƙar nan. Manyan akwatuna 74 ne a jere, ruwa ke sanyaya su, tana shan wutar lantarki kimanin megawat 21. Da irinta ake kwaikwayon sauyin yanayi da haɗuwar sinadarai kafin a taɓa kwalbar gwaji.

Lokaci ya cim mana. Ku ci gaba da aiko da wasiƙunku, sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.