Me ya sa ba a cewa Sir Lucas?

Toh jama'a barkanmu da warhaka. Kowa dai ya san Sa Ahmadu Bello da Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, kuma wannan Sa ɗin lambar girma ce ta masarautar Ingila, su can suna rubuta ta Sir. In ka ji wani ya ce Sir Bello ko Sir Ɓalewa to ya kwafsa, domin Sir da sunan yanka take tafiya, ko dai Sir Ahmadu ko Sir Ahmadu Bello gaba ɗaya. Wannan 'yar ƙa'idar fa marubutan Ingila sun ci abinci da ita sosai, kafin su gaya maka ko waye mutum, sunansa ya riga ya tona asalinsa.

Mu ɗauki littafin Pride and Prejudice na Jane Austen, wanda ya fito a 1813. Akwai Sir William Lucas, ɗan kasuwa ne a garin Meryton, yana magajin gari ya gabatar da jawabi ga sarki aka ba shi Sir, shikenan kai ya kumbura ya bar kasuwar ya koma wajen gari da zama. Shi Sir William ake ce masa, matarsa kuma Lady Lucas, wato da sunan gidan miji. Yanzu kalli Lady Catherine de Bourgh, ita ma mijinta Sir ne, Sir Lewis, amma ba a ce mata Lady de Bourgh ba, sunanta na yanka na nan a tsakiya, saboda babanta Earl ne, wata babbar sarautar gado da ta fi Sir, da Lady ɗinta aka haife ta ba aure ne ya ba ta ba, kuma wallahi in ka ga irin izzar matar nan da yadda take tsoma baki a harkar kowa har da yawan naman da za a sayo a gidan wasu, za ka gane ta san da wannan bambancin sarai. Mai karatu a zamanin yana ganin sunayen biyu ya san wace ce sama.

Sir ɗin ma iri biyu ne. Na Sir William da shi zai mutu, ɗansa ba ya gada. Akwai kuma baronet, wanda ake gado, Sarki James na ɗaya ya ƙirƙiro shi a 1611 yana sayarwa don tara kuɗi. Sir Walter Elliot na cikin Persuasion, wani littafin Austen ɗin, irin wannan ne, mutumin da ba ya karanta komai sai littafin jerin baronet, kullum a shafin gidansu yake buɗewa, alhali bashi ya yi masa katutu.

Lord kuwa ya fi rikitarwa. Mai binciken laifukan nan na littattafan Dorothy Sayers da ya fara fitowa a 1923, Lord Peter Wimsey, ba Lord Wimsey ba ne, don ƙaramin ɗan Duke ne, wato sarautar da ta fi Earl, sarautar na hannun yayansa. Da ya auri Harriet Vane sai ta zama Lady Peter, eh, da sunan namiji.

A wasannin Shakespeare ma sunan yanka ɓacewa yake, sai ka ji ana kiran mutum Kent ko Gloucester ko Warwick, sunan ƙasar sarautarsa kenan, kusan yadda za mu ce Sardauna kowa ya gane. Har limaman coci yana sa musu Sir, irin su Sir Hugh Evans, ba wai an naɗa su ba, al'adar lokacin ce.

Wanda ya fi ba ni dariya shine na cikin Emma, shi ma littafin Austen ne. Mr Knightley ba shi da wata sarauta, mai gonaki ne ɗan babban gida, sai ga Mrs Elton, amaryar da ta zo garin jiya-jiya, tana ce masa Knightley gatsal ba ko sakayawa, Emma kamar ta haɗiyi zuciya don takaici. Ita kanta Emma ɗin, bayan sun yi alkawarin aure ya nemi ta riƙa kiransa George, ta ce ina, ba za ta iya ba, Mr Knightley ta sani.